Kalmar da Likita Ya Faɗa a Kan Inna

Gadarif, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Abu Raniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanenka masu yankan riɗi. Yaya rana, yaya gajiya, yaya kuma bayan nan naka da kake ɓoye mini ciwonsa? Mu nan alhamdu lillahi. Raniya tana gaishe ka, ta ce a gaya maka haƙorinta na gaba ya fita. Tunda waya ba ta kamawa a can bayan Basunda, na ba Mailafiya direba wannan takarda, ya ce lorinsa zai bi ta gonarku.

Kada hankalinka ya tashi da abin da zan faɗa. Mahaifiyarka Inna tana asibiti. Kumburin cikin nan da ka bari ya ƙaru, idanunta sun yi rawaya, abinci kuma sai ta taɓa ta ture. Da ƙyar ta yarda muka tafi, wai ita warin asibiti yana kashe mata hanci, mai sana'ar turare kuwa ba ta da jarin da ya wuce hancinta. Sai da na yi mata kuka sannan ta hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, tana mita.

Ka san yadda asibiti ya koma tun da mutanen Hartum da Madani suka gudo garin nan saboda yaƙi. Har a baranda mutane ke kwance. Allah Ya taimake mu muka sami gado, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton cikin.

Da safe babban likita ya zo zagaye, matasan likitoci suna biye da shi. Ya gaishe da Inna da Larabci cikin ladabi, ya danna cikin, sannan ya juya wajen yaransa ya koma Turanci. Nan na buɗe kunnuwana. Kai da kake tsokanata da Ustaza saboda ɗan Turancin da na yi a sakandare, to jiya ya yi rana. Kalma biyu nake jira. Ɗaya “bad”, wato mummuna. Ɗaya “danger”, wadda ake rubutawa a jikin gwangwanin maganin feshi kusa da hoton ƙoƙon kai. Wallahi ko ɗaya bai faɗa ba, na kasa kunne har ya gama. Abin da na ji shi ne wata doguwar kalma da ban kama ba, sai kuma “poor”, ya sake cewa “very poor”, yana duban Inna yana kaɗa kai.

Ka san harshen mutanenmu da harafin P, B suke mai da shi, a bakinsa sai kalmar ta fito kamar “bur”. Suna wucewa Inna ta jawo gefen mayafina ta ce, “Ya Zulaiha, hakim ɗin nan likita ne ko manomi? Na ji yana ta cewa bur, bur.” Ita ta ɗauka bur ɗinku ne na manoma, gonar da aka bari ba a noma ta ba. Na yi dariya har mutanen gadon kusa suka waiwayo. Na ce mata Turanci ne, ma'anarsa miskini, matalauci.

Abu Raniya, da ka ga Inna. Matar da na ɗauko da ƙyar sai ga ta zaune daram. “Ni? Ni Maiturare? Amaren garin nan nawa suka shiga ɗaki da humrata?” Ni ma daga baya dariyar ta koma mini ɓacin rai. Laifinmu ne, mun fito a gaggauce, ita da tsohon tob ɗinta, lafayar nan ta zaman gida, ni da silifa wari da wari. Ya dube mu ya yanke mana hukunci a gaban yaransa, yana zaton babu mai ji.

To ka ji. Ciwo ne, amma ba a ce mummuna ba, ba a ce haɗari ba. Raini ne kawai, shi kuwa na san maganinsa. Kada ka ce za ka taho. Riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, kana juya baya zai fashe ya zube a ƙasa, kuma kai ne shugaban masu yankan, in ka tashi duk za su watse. Abincin shekararmu yana wurin nan. Ka zauna ka yi aikinka, Inna tana hannuna.

Ka gaishe da mutanen kambo, sansaninku na gona. Allah Ya tsare mini kai.

Taka,
Ustaza Zulaiha, tunda haka ka sa mini

*

Gadarif, ranar Asabar

Maigidana Abu Raniya,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Amsarka ta iso hannun Mailafiya, na karanta wa Inna, ta sa na maimaita mata wurin da ka ce riɗin bana ya yi kyau. Wurin da ka ce zuciyarka ba ta kwanta ba, kana so ka zo ko na yini ɗaya, shi ne ta ɗaure fuska. Ga saƙonta yadda ta faɗa: “Ki ce masa in ya baro simsim, riɗin nan nasa, ya zube a ƙasa, to shi ne zai gaskata maganar hakim. Ya zauna.”

Bari in ba ka labarin yaƙin da muka yi. Washegarin ranar da na rubuto maka na koma gida na buɗe akwatin Inna, na ɗauko farin tob ɗin nan mai bakin zare da ta dawo da shi daga aikin hajji. Na aro awarwaron zinariya wajen maƙwabciyarmu Batoul. Na kwaɓa lalle na sa mata a hannu da ƙafa, na shafe ta da humrarta ta musamman, wadda ba ta sayar wa kowa. Na so in kunna turaren wuta, ma'aikaciyar jinya ta hana ni. Kullum da hantsi ina kai jabana, gahawar nan tamu, da dabino, Inna ta ce a bi gado gado a ba kowa, kada a tsallake ko mutum ɗaya. Ɗakin marasa lafiya ya koma kamar gidan suna.

Akwai wata baiwar Allah a gadon kusa da namu, Lubna, tana jinyar mahaifiyarta. Daga Madani suka gudo, ba ta jin Hausa, da Larabci muke hira. Ita ta riƙe mini hannun Inna ina sa lallen. Da muka gama naɗa mata tob sai na ga hawaye a idon Lubna, ta tashi ta fita. Na ce a raina ta tuna gidansu ne da kayan da suka baro.

Likita ya zo zagaye, ya tsaya ya shaƙi ƙamshi, ya ce, “Ma sha Allah ya Hajja, yau amarya muka samu?” Inna ta ɗaga hannu tana gyara mayafi don awarwaron su yi ƙara. Ya yi murmushi. Ya danna cikin, murmushin ya tafi, ya juya wajen yaransa. Abu Raniya, ga zinariya a hannunta, ga ƙamshin da ya cika ɗaki, mutumin nan ya sake faɗin kalmar nan. Ji na yi kamar ya watsa mini ruwan zafi.

Da zai wuce ya kira ni gefe ya ce ina ɗanta, babu namiji a gidan ne? Na gane nufinsa, mai biya yake nema. Na ce masa ɗanta yana kan aikinsa, kuma duk abin da za a saya ni zan saya, ba mu zo roƙo ba. Ya daɗe yana dubana, ya ce ba maganar saye ba ce. Kafin ya ƙarasa aka shigo da wani a guje, aka kira shi, ya tafi. Ni ma ban bi shi ba, raina a ɓace yake.

Shekaranjiya suka sallame mu. Wai mu kai ta gida, mu ba ta duk abin da ranta yake so, ga ƙwayoyin rage zafi. Ko fita ba mu yi ba aka shimfiɗa wa wata a gadon. Ka ga abin da nake faɗa maka? Da matar wani mai manyan gonaki ce, da ba a ce ta je gida ta ci abin da take so ba.

Amma ita Inna murna take yi. Ta ce gara rumfarta da iskar gidanta. Na sa mata gado a inuwa, kwalaben turarenta a kusa da ita. Ba ta cin kirki, kunu ne cokali kaɗan, kuma barci ya yi mata yawa. Na ce gajiyar asibiti ce. In ka dawo da amfanin gona sai mu kai ta wajen likitan kuɗi, wanda zai dube ta da mutunci.

Ina kewarka, ba zan ɓoye ba. Gidan ya yi mini faɗi. Amma ka zauna ka gama. Raniya da Inna suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Zulaiha

*

Gadarif, ranar Laraba

Abu Raniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, Mailafiya yana ƙofar gida bai kashe mota ba.

Ka taho. Ka bar riɗin, ka bar komai, ka hau lorin nan ka taho.

Jiya Lubna ta zo duba Inna. Muna zaune a bakin murhu ina dama kunu, sai na shiga ba ta labarin rainin da aka yi mana, ina cewa ko da zinariya a hannu ba mu tsira daga “poor” ba. Ta ajiye kofin shayinta. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta kama hannuna ta ce, “Ya Zulaiha, ashe ba ki sani ba? Na ga kuna yi mata ado, na zaci ban kwana kuke yi.”

Ashe malamar Turanci ce a Madani kafin yaƙi. Ta ce kalmar tana nufin matalauci, gaskiya ne, haka ake koyarwa a aji. Amma ba mutum kaɗai ake faɗa wa ita ba. Ana faɗa wa amfanin gona in bai yi kyau ba, ana faɗa wa ido in ba ya gani sosai. Doguwar kalmar da ban kama ba, ita ce abin da likita yake hange game da ƙarshen ciwo. In ya haɗa ta da “poor”, yana nufin fatan warkewa ya yi kaɗan. In ya ƙara “very”, to kusan babu.

Na ce mata ai bai ce “bad” ba, bai ce “danger” ba, na saurara da kunnena. Ta ce ba sa faɗin waɗannan a kan mara lafiya, na yara ne da na jikin gwangwani. Ta ce Turanci yana da kalmomin mugun abu hawa hawa, kuma mafi munin su ne suka fi laushi a kunne. In sun ce “serious”, ciwo ya yi nauyi amma ana kokawa da shi. In sun ce “critical”, mutum yana tsakanin nan da can, ana guje-guje a kansa. Wannan da suka faɗa wa Inna ba a guje-guje a kanta, murya ƙasa ƙasa ake faɗinta, a wuce gado na gaba. Ta ce ita ma a kan mijinta ta fara jin ta a bakin likita, shi ya sa ta fita ranar lallen.

Ban yarda ba. Na bar kunun a wuta na tafi asibiti, na tsaya a baranda har likitan ya fito. Na ce ya gaya mini da Larabci, da harshen da ya gaishe ta da shi. Ya gaya mini. Ciwon daji ne a hanta, irin mai yaɗuwa, kuma ya riga ya yaɗu. Ya ce abin da ya sa yake neman ɗanta ke nan, bai so ya ɗora mini ni kaɗai a tsaye a baranda ba. Na ce to me ya sa ya faɗa a kanta da harshen da ba ta ji? Ya ce don kada ta ji ne. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce wannan na Allah ne, amma in da wanda take son gani, a kira shi yau.

Ban gaya wa Inna ba. Na aika wa yayarka Adda Rahma a Fau, ita wayarta tana shiga. Ni ce na rubuta maka da hannuna cewa raini ne kawai, ni ce na ce ka zauna. Wannan mu yi maganarsa daga baya, ka yi mini duk faɗan da za ka yi. Yanzu dai ka taho.

Zulaiha

*

Gadarif, ranar Alhamis

Maigidana Abu Raniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta mutanenka. Na roƙi Mailafiya ya zaunar da kai a inuwa kafin ya miƙa maka takardun nan, ina fata ya yi. Guda biyu ne. Wadda ta yi datti da laka ita ce ta farko, tun makon jiya na rubuta ta. Ka fara da ita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Inna rasuwa ranar Litinin bayan la'asar, a kan gadonta a ƙarƙashin rumfa, kanta a cinyar Adda Rahma, ni ina riƙe da ƙafafunta. Ta cika da kalmar shahada. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka haƙuri, Ya ba mu.

Takardar da na ce ka taho ba ta iso ka ba. Ranar da Mailafiya ya tashi aka yi ruwan nan na ƙarshen damina da ba wanda ya zata. Ka san baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa. Lorin ya nutse a wani kwari tun kafin Basunda, har aka rasa tarakta da za ta ja shi. Ya yi ƙoƙarin samun mai tafiya a ƙafa bai samu ba. Ya dawo ranar da aka kai ta, ya tsaya a ƙofar gida da takardar a hannu, babban mutum yana kuka kamar yaro. Kada ka ga laifinsa.

Na san abin da zai fi ci maka rai shi ne ko ta neme ka. Ta neme ka, ba zan yi maka ƙarya ba. In an taɓa ƙofa takan buɗe ido. Amma ba ta tafi da fushinka ba, ko kaɗan.

Ranar Asabar ta ɗan sami sauƙi, ta ce in kawo mata kayan haɗi. Hannunta ba ya iya riƙe komai, don haka ni nake zubawa, ita tana shinshinawa tana cewa ƙara sandal, rage miski, kin cika hannu. Muna cikin haka, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Ustaza, kin je kin tambayo hakim ɗin, ko?” Na ajiye kwalbar da ke hannuna. Ta ce ta ga idona tun ranar da na bar kunu ya ƙone. Sai na durƙusa a gaban gadon na gaya mata duka, na ce ba talauci yake nufi ba, ni ce na juya maganar, ni ce na hana ka zuwa.

Ka san abin da ta yi? Dariya, irin 'yar ƙaramar nan da ta rage mata. Ta ce, “To ai ni bur na ji tun farko, ke kika ce ba haka ba.” Ta ce ita ta yi noma kafin ta yi turare, ta san gonar da ta gama bayar da abin da za ta bayar, a bar ta ta huta, kuma ba ta ga abin zagi a ciki ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne a ce mata miskiniya. Tunda ba haka hakim ya ce ba, ta yafe masa, in kai masa kwalbar humra ya ba matarsa. Na kai jiya.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Halas, ya wuce, ya Zulaiha. Kin sa mini lalle, kin naɗa mini tob ɗin Makka, na raba jabana kamar matar sarki. Da kin gane Turancin daidai, da kuka za ki yi ta yi mini a ka.” Ta ce kai ma in gaya maka ita ce ta ce ka zauna, ba ni ba, kuma ko da ta sani abin da za ta ce ke nan. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko don ta sauke mini kaya ne. Ni dai kayan bai sauka ba. Kullum sai na tuna yadda likitan ya ce ba maganar saye ba ce, da na bi shi taku kaɗan a barandar nan da ka same ta.

Jama'a sun yi mana kara. Limamin unguwa ya yi mata salla, maza sun cika layi har bakin titi. Matan da ta yi wa turaren aure sun zo, wasu da jikokinsu. Lubna tana nan tare da mu tun ranar, ita ke wanke kofuna. Lallen bai gama fita daga hannun Inna ba aka yi mata wanka. Na mayar wa Batoul awarwaronta.

Turaren da muka haɗa ranar Asabar naka ne. Ta ce a rufe kwalbar kada a buɗe sai ka dawo, ka sa a rigarka ta Juma'a. Yana cikin akwatinta, a kan farin tob ɗin. Raniya tana tambaya ko Inna ta koma asibiti ne, na ce ta jira Abbanta ya zo ya yi mata bayani, ni na daina fassara wa kowa komai.

Mailafiya ya ce ya ji a tasha cewa ruwan bai kai gonarku ba, riɗin yana nan a tsaye, saura kaɗan ku gama. Saƙonta na ƙarshe gare ka shi ne kada ka bar ko dami ɗaya a ƙasa. Don haka kada ka yi sauri, Abu Raniya. Sau biyu na ce ka zauna ban san abin da nake faɗa ba, yau na sani. Ka gama yankan, ka sallami mutanenka, sannan ka taho in raka ka inda aka kwantar da ita.

Adda Rahma tana yi maka ta'aziyya, haka Batoul da maigidanta da duk mutanen unguwa. Allah Ya dawo mini da kai lafiya.

Abu ɗaya nake roƙo. In ka dawo kada ka ƙara kirana Ustaza, ko da wasa. Ita ce ta kira ni da shi na ƙarshe, ka bar mata.

Matarka,
Zulaiha